Sunan da Ya Ƙi Hawa Bakin Ƙunshi

Mafarkin da na yi daren jiya ba zai shiga kunnen kowa ba sai na fara da ranar da labarin ya same ni.

Wata Laraba ce da hantsi, wata takwas ke nan. Ina zaune a tsakar gida ina ƙulla yaji a leda, don ita ce sana'ata, sai waya ta yi ƙara. Muryar mace ce daga Kaduna. Ta ce sunanta Zuwaira, ofishinsu ɗaya da 'yata ta fari. Ta ambaci sunan 'yar tawa, ta ce, "Mama, ke ce mahaifiyarta?"

Na ce, "'Yar gidan nan ce dai."

Abin da ya fito daga bakina ke nan. Baiwar Allah tana kuka a waya tana neman uwar mamaciya, ni kuwa ina nan ina jin kunya. Sai da ta maimaita tambayar sau uku kafin ta haƙura ta faɗa mini. Ciwon kai ne na kwana biyu.

A garinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ga shi kuma sunan uwar mijina aka sa mata, kunya ta zama biyu. Shekara ashirin da tara ina ce mata "ke", in ba ta kusa in ce "'yar nan". Takan tsokane ni, ta ce, "Inna, yanzu in na ɓata a kasuwa, me za ki ce wa mai shela?" In ce, "Sai in ce a nemo mini wata mai surutu."

Aikin kwamfuta take yi. Ni aji uku na yi a firamare, amma da ta zo sallah ta zauna kusa da ni ta yi mini bayani ko ina so ko ba na so. Ta ce in mutum ya cike fom a intanet ya danna, abin da ya rubuta yakan iso musu a warwatse. Ita ce take tattara shi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da suna a bakinsa, da wannan sunan dai a gindinsa, sannan injin wani ofishi ya karɓa. Wai Ekis-em-el ake kiran wannan ƙullin. Na ce, "Ashe ƙullin yaji kike yi, muka sha wahalar kai ki jami'a." Ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce injin yana da tsirfa: ba ya karɓar sunan da ya fara da lamba, ba ya karɓar mai fili a tsakiya, ba ya kuma karɓar mai alhamza, wato ɗan wutsiyar nan da ake ɗorawa a saman rubutu.

Saura sati uku ta rasu ta ce in aika mata yajin daddawa. Na daka, na rage barkono saboda cikinta ba ya so, na ƙulla, na ajiye ina jiran mai zuwa Kaduna. Mai zuwa bai samu ba. Ko kuma ni ce ban nema sosai ba.

To, jiya a mafarkin sai na gan ni a tasha da rana tsaka, ƙunshin yajin a hannuna.

Motocin tashar a tsaye suke cak, hanya ce ke wucewa ta ƙarƙashinsu. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana hawa sama. Mutane sun taka lemarsu suna tafiya a kai. Ni da ban zo da lema ba, zanina ya jiƙe sharkaf, ɗankwalina kuwa a bushe. Ban yi mamaki ba. Haushin kaina kawai na ji da ban duba ƙasa ba kafin in fito.

Wani ɗan kamasho yana kira, "Masu saƙon waɗanda suka riga mu gidan gaskiya! Mota ɗaya ce! Da ruwa ya gama hawa ta tashi!"

Na duba ƙasa. Kududdufai sun fara raguwa.

Sai ga ni a gaban tebur. Akuya ce a zaune da tabarau, tana cike fom, wanda ya lalace ta cinye.

Ta ce, "Suna?"

Na ce, "Lantana."

"Ba ke ba, Hajiya. Wadda za a kai wa."

Na ce, "'Yar nan."

Ta rubuta. Ta ɗaga takardar, ta ɗanɗani gefenta, ta girgiza kai.

"Bai shiga ba. Ya fara da alhamza. Ga kuma fili a tsakiya, iska na shiga."

"To sa ta fari."

"Fili."

"To sa lamba ɗaya. Ita ce ta ɗaya a wurina."

Akuya ta kalle ni ta saman tabarau. "Lamba ba ta shiga gaba. Tana iya bin baya, wannan babu laifi. In kin matsa, sai mu shimfiɗa mata tabarma a gaba, ta zama ba ita ta fara ba."

Ta jawo wata 'yar tabarma ta shimfiɗa a kan layin. Lamba ɗaya ta zo ta zauna a bayanta, ta tanƙwashe ƙafa, ta nemi a ba ta ruwa.

Akuya ta ce, "Yanzu ya shiga. Amma in gaya miki gaskiya, masu tabarma da ɗaya a can sun fi dubu. Kowace uwa da irinki ta zo, haka muke yi mata. Wadda ta riga miƙa hannu ita za ta ci yajin."

Na ce, "Na rage barkono saboda ita."

"Sauran ma za su ji daɗinsa."

Na janye ƙunshina. Lamba ɗaya ta naɗe tabarmarta ta tafi tana ƙunƙuni.

A bayana wani mutum yana tsugune yana share hawaye da hularsa. Wani dattijo mai sanda yana tsaye a kansa. Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce sunansa Ɗanladi. Ya ce, "Sunana ya wuce lafiya, Hajiya. Wai ƙahon harafin a jikinsa yake, ba aro ba ne. Matsalar a wurin da na rubuta 'ya'ya ce. Tara gare ni. Aka kai takardar ɗakin gyara, suka tsince alhamza biyun kamar tsakuwa a shinkafa. Da na fito babu 'ya'ya, sai yaya."

Dattijon ya buga sanda a ƙasa. "Kai Ɗanladi, tashi ka ɗebo mini ruwan alwala."

Ɗanladi ya ce, "Ni ne fa babba a gidanmu."

Dattijo ya ce, "Da."

Ya tashi ya ɗauki buta.

Na zagaya bayan ofishin don in matse zanina, sai na tarar da rijiya. Wasu awaki biyu suna ɗauko ƙunsunan da sunansu bai shiga ba suna sakewa a ciki. Ba jifa suke yi ba, a hankali suke saki, kamar mai kwantar da jariri. Rijiyar ba ta ƙara. Ta taga kuma ana miƙa wa kowace mai saƙo takarda an rubuta cewa ya tafi lafiya. Na ga wata tsohuwa ta karɓi tata, ta sumbace ta, ta soke a bakin zani, ta tafi tana godiya. Ƙunshinta hula ce da ta saƙa. Ina kallo ta nutse.

Na so in bi ta in faɗa mata. Na kasa. Na rungume yajina kamar za a ƙwace.

Na koma wurin akuya na ce ina son ganin babbansu. Ta nuna mini matakala da haɓa. Na yi ta sauka, na yi ta sauka, har na iso hawa na uku.

Rago ne a ofishin. Fari, da baƙi zagaye da ido ɗaya. A wuyansa akwai wani siririn ɗinki, irin na tela mai haƙuri. Kallo ɗaya na yi masa na gane shi. Marigayi Malam Tukur, mijina, shi ya sayo shi ina da tsohon ciki, ya ɗaure shi a gindin bishiyar bedi. Shi aka yanka ranar sunan 'yar nan.

Sai na ce, "Kai ne ka cinye mini zani a igiya."

Ya ce, "Ke kuma kin cinye mini kai da ƙafa. Zauna, Lantana."

Na zauna a bakin kujera.

Ya ce, "An ce kin zo da saƙo babu suna."

"Akwai suna. Ai ka san shi. Kana wurin."

"Ina wurin. Da sassafe aka kwantar da ni, liman ya faɗi sunan, maroƙi ya ɗaga murya ya maimaita, aka shafa fatiha. Shi ne abu na ƙarshe da na ji a duniya. Na ce a raina, to, aƙalla za a yi amfani da shi." Ya gyara zama. "Tun ranar nake nan ina sauraro. Ubanta ya ce mata Uwata. Ƙannenta suka ce Yaya. Malaman makaranta su suka riƙa kiransa, su da ko tsokata ba su ci ba. Ke kuwa da kika shanye romona, ko sau ɗaya."

Na ce, "Kunya ce."

"Ni aka yanka, ke kike jin kunya."

Na duba taga. Ruwan da ya rage a tasha bai fi cikin ƙwarya ba, yana hawa a hankali.

Rago ya ɗauki biro. "A nan mai saƙo ce take faɗa da bakinta. Ba na rubuta abin da na sani, sai abin da na ji."

Na duba hagu, na duba dama, ko uwar mijina tana kusa. Ta shekara goma sha biyar a ƙasa, amma a wannan tashar ba a sani ba. Na ja mayafi na rufe rabin fuskata. Na buɗe baki na rufe. Na sake buɗewa.

Na ce, "Shafa'atu."

Ga shi na rubuta shi a nan ma. Wannan ne karon farko, kuma na ga rubutun ya karkace.

Da na faɗa, komai ya tsaya. Ɗigon ruwa ya tsaya a iska. Na ji awakin ƙasa sun daina tauna. Na zaci wani abu babba zai faru, ko ƙasa ta tsage, ko ita da kanta ta leƙo ta ce, "Na'am, Inna." Na gyara mayafi ina jira.

Rago ya rubuta. Ya ɗaga takardar ya duba ta a haske. Ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya da kofato.

Ya ce, "Bai shiga ba."

"Me?"

"Akwai alhamza a tsakiya."

Wallahi dariya ce ta fara zuwar mini. Shekara ashirin da tara ina ɓoye suna kamar zinariya a ƙasan adaka, ranar da na fito da shi ashe ko ƙofar ofishi ba ya wucewa.

Na ce, "Kai da aka yanka a kansa, ba ka san da alhamzar ba?"

"Ina kwance a lokacin. Ban ga rubutun ba." Ya buɗe wani littafi. "Akwai hanyoyi. Muna iya yanke shi daga inda matsalar take. Sai ya zama Shafa."

"Shafa me?"

"Wannan ba aikina ba ne. Ko mu tsince alhamzar mu matse shi, ya zama Shafatu. Akwai ta. Tana da ranta, awara take soyawa a bakin titi. Yaji zai yi mata amfani."

"Ba ita na daka wa ba."

"Ko mu shimfiɗa tabarma a tsakiyar sunan. Rabi ya zauna can, rabi nan."

"A raba mini 'ya biyu?"

Ya rufe littafi. "To saura rijiya. Za a ba ki takarda mai kyau."

Na sauka daga kujera na zauna a ƙasa, na miƙe ƙafa, yadda na zauna ranar da Zuwaira ta kashe waya. Ban yi kuka ba. Ƙunshin na sa a cinya ina shafa ledar.

Ina zaune sai na ji ƙarshen hirar nan ta ranar sallah yana dawo mini. Na ɗauka ban saurara ba, don hankalina yana kan tukunya a lokacin. Ta ce ogansu ya ce duk sunan da ya ƙi shiga a yar da shi, ai ba su da yawa, ba wanda zai lura. Ta ce sun yi kwana biyu suna musu. Ta ce, "Inna, ba a yi wa sunan mutum aski don ya wuce ƙofa. A baki sai in sa suna na kowa da kowa, wanda injin ya saba da shi. Ainihin sunan kuma in sa shi a ciki, yadda mai shi ya rubuta, ko da wutsiya goma." Na tuna abin da na ce mata. Cewa na yi, "Miƙo mini ludayi."

Na ɗaga kai na ce wa rago, "A sa shi a ciki."

"A sa me?"

"Sunan. A waje ka rubuta abin da injinku yake so. Sunan ya shiga ciki da alhamzarsa."

Ya daɗe yana kallona. Ya sake buɗe littafin, ya lashi kofato, ya yi ta juya shafi har ya kai bangon ƙarshe.

Ya ce, "Akwai. Wata ce ta ƙara shi da biro a ƙasan shafi. Rubutunta ƙanana, kamar tana sauri."

"Kullum sauri take yi."

"Ba a cika tambayarsa ba."

Na ce, "To me ya hana ku gaya wa mutane?"

Ya ce, "Rijiya ta fi kusa."

Ya yago takarda biyu. Ya rubuta "saƙo" a ɗaya ya liƙa a bakin ƙunshin, ya rubuta "saƙo" a ɗayar ya liƙa a gindinsa. Ya ce, "Kwance bakin. Sa naki bakin a ciki, ki faɗa, ki ɗaure kafin ya fita."

Na kwance. Na sa hancina da bakina a cikin ledar yaji, ni da na shekara ashirin ina hana masu saye yin haka. Na ja numfashi. Na fara, "Shafa," sai atishawa ta ƙwace mini, ta tsaya a maƙogwaro, ta ƙi fita ta ƙi komawa. Idona ya kawo ruwa. Da ƙyar na ƙarasa, "atu."

Na ce, "Na ɓata. Bari in sake."

Rago ya ce, "Kar ki sake. Daidai ne. Nan ne gurbin alhamzar, inda numfashi yake tsayawa. Ɗaure."

Na murɗa bakin ledar na ƙulla, ƙulli biyu, na ja da haƙori. Ƙunshin ya ɗan ƙara nauyi, ya kuma yi ɗumi.

Ya ce, "Abin da aka buɗe an rufe. Suna a ciki, a waje ba komai. Kin iya aikin nan, Lantana."

Na ce, "Na daɗe ina yi."

Ya buga hatimi da goshinsa. Da zan fita na juyo na ce, "Ka yafe mini romon." Ya ce, "Gishiri ya yi yawa, amma ya wuce."

Sai ga ni a tasha ina gudu. Ban yi gudu ba tun ina budurwa, kuma a mafarkin ma ban iya ba. Hanya tana tafiya baya, ni ina gaba, takalmina ɗaya ya bi hanyar ya tafi abinsa. Na wuce Ɗanladi yana yi wa yayansa fifita. Ɗigon ruwa na ƙarshe ya baro ƙasa, ya wuce gwiwata, ya wuce kafaɗata.

Na cimma motar. Direba ya miƙo hannu ta taga ya karɓi ƙunshin. Ya duba baki, ya duba gindi, ya jijjiga shi kusa da kunnensa, ya gyaɗa kai. Bai kai shi but ba. A aljihun gaban rigarsa ya sa.

Na riƙe ƙofar na ce, "Malam direba, in ta buɗe za ta ji? Da muryata zai fito?"

Ya buɗe baki zai ba ni amsa. Abin da ya fito shi ne tuk, tuk, tuk, sai ya mutu. Ya sake buɗewa. Tuk, tuk, tuk, tuk.

Injin markaɗen Ɗanjummai ne a bayan katangarmu. Kullum sai ya ja igiya sau biyar kafin ya tashi. Gari ya waye tas, na makara sallar asuba, matan unguwa har sun jera robobin wake.

Na yi alwala na yi salla. Kullum in na idar nakan zauna in yi wa mamatana addu'a, ɗaya bayan ɗaya. Babana Malam Barau. Innata Dije. Ƙanena Sani da ya tafi yana ƙarami. Mai gidan nan. In na iso kanta sai in ce, "da 'yar nan," in wuce.

Yau da na iso wurin na tsaya. Na daɗe, hannuna a sama, inji yana ta ƙara. Na ji sunan ya taso tun daga ciki, ya zo har maƙogwaro, ya tsaya daidai inda yake tsayawa.

Na ce, "Da 'yar nan, ya Allah. Ka san ta."

Na shafa, na naɗe dardumata.